Daga Ɗakinka Zuwa Kunnen Jama'a: Jagora Ga Mawaƙin Da Ke Aiki Shi Kaɗai

Yawancin waƙoƙin da ƙannenmu masu tasowa ke turo mini in saurara ba rashin baiwa ke kashe su ba. Muryar tana nan, kalaman ma wani sa'in sun fi na waɗanda suka yi suna. Kura-kurai ne iri ɗaya ake ta maimaitawa: kiɗan da ya fi ƙarfin maƙogwaron mai shi, muryar da aka ɗora a ɗakin da ke amsa kuwwa, otocun (manhajar daidaita murya) da aka cika har haruffa suka narke, sai kuma kiɗan wani da aka kwaso a YouTube ba izini ba takarda, a saki waƙa yau, jibi a sauke ta.

Mutum ya rera waƙar da ya tsara shi kaɗai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya yi zamaninsa. Abin da ya bambanta mawaƙin yau shi ne, in ya zaɓi tsayawa da ƙafarsa, to shi ne marubuci, shi ne makaɗi, shi ke ɗaukar murya, shi ke tacewa, kuma shi zai kai kasuwa. A sutudiyon Zoo Road a Kano, ko na Kaduna da Jos, akwai wanda ke zaune gaban kwamfuta da zai ɗago kai ya ce maka, "Sake, ba ta fita ba." A ɗakinka babu shi. Matakan da ke ƙasa na tsara su ne don su tsaya a madadin wannan kunne na biyu. Da "kai" zan yi magana, amma ƙanwata mai wannan sana'a, duk abin da na faɗa ya haɗa da ke.

Kayan da kake buƙata

Kwamfuta ko waya. Laftof mai RAM na gigabayit 8 ya isa a fara. In babu, manhajar BandLab kyauta ce a waya, kuma ana ɗora murya a kan kiɗa da ita.

Manhajar haɗa sauti. FL Studio da Cubase su aka fi gani a sutudiyoyinmu. Reaper ba ta da tsada, Audacity kuma kyauta ce. Riƙe guda ɗaya ka ƙware a kanta. Ka guji manhajar da aka fasa, domin ta kan zo da ƙwayar cuta, ko ta ƙame ana tsakiyar aiki.

Sawun-kad, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Ƙarami mai ƙofa ɗaya irin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22 ya wadatar.

Makirufo. Iri biyu ne. Kondensa irin Audio-Technica AT2020 yana ɗaukar murya tas, amma yana ɗaukar kukan akuyar maƙwabta ma, kuma sai an ba shi wutar volt 48 daga sawun-kad. Dainamik irin Shure SM58 ba ya buƙatar wannan wuta, kuma ba ya jin abin da ke nesa sosai. In gidanku gidan yawa ne, ko kana bakin titi, dainamik ya fi maka alheri. Ka kula, jabun SM58 sun yi yawa a kasuwa.

Hedfon mai rufe kunne ruf, sandar tsayar da makirufo, wayar XLR, da matatar iska da ake sawa gaban makirufo. Matatar nan kana iya haɗa ta da hannunka: lanƙwasa wayar rataye kaya ta zama zobe, ka lulluɓa mata siririyar safa.

Fiyano, ko ƙaramin MIDI mai maɓalli 25 ko 49, in kai za ka buga kiɗanka. Sai sitabilaiza, da ma'ajiya ta waje ko filash, da littafi da biro.

Mataki na 1: Gama waƙar kafin ka kunna kwamfuta

Nan ne aka fi yin gaggawa, kuma nan ne waƙa ke samun rai ko ta rasa shi. Waƙar nanaye da sauran waƙoƙin zamani masu taushi a kan kari suke tsayuwa. Abin da mai sauraro zai tashi da shi a baki yana wanke-wanke ko yana tuƙi shi ne karin amshi. Don haka fara da amshi. Rera shi ba kiɗa, ka ɗauka a waya, ka ajiye. Washegari, kafin ka sake saurara, gwada tuno shi da ka. In kai da ka ƙirƙiro shi ka manta, baƙo ba zai riƙe ba. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi duk wani yabo da abokai za su yi maka.

Sai maganar jituwar kalma da kari. Hausa harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana. In karinka ya tilasta ka ja gaɓar farko ta "gari" kana nufin birni, abin da kunne zai ji garin tuwo ne. In ka ce so da wuya amma karin ya hau a gaɓar farko ya sauko a ta biyu, ka koma maganar wuyan da ake rataya sarƙa. Mahallin magana ya kan ceci mawaƙi, amma mai sauraro yana jin wani abu ya goce ko da bai san sunansa ba. Hanyar gyara mai sauƙi ce. Karanta kowane ɗango da ƙarfi kamar kana hira, ka lura da inda gaɓa take da nauyi da inda murya ke hawa da kanta, sannan ka rera. Gaɓa mai nauyi ta sauka a kan sauti mai tsawo, marar nauyi a kan gajere. In suka ƙi jituwa, sauya kalmar. Kada ka murɗe ta.

Haka ma amsa-amo. Kada neman harafin ƙarshe ya sa ka cusa kalmar da ba ta da aiki a baitin. Waƙoƙin soyayya da yawa sun zama jerin zuciya, ƙauna, masoyiya, ba wani abu da ido zai gani. Sa abu ɗaya na zahiri a kowane baiti: zauren da aka tsaya, mayafin da aka gyara, wayar da aka ƙi ɗagawa. Shi ke sa mutum ya ce da shi ake.

Batun tsawo kuma, amshi ya shigo da wuri. Spotify ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, kuma mai latsa waya ba ya jiran dogon share fage na fiyano da kiran sunayen abokai. Minti uku zuwa huɗu ya ishi waƙa irin wannan.

Mataki na 2: Nemo mazaunin muryarka

Kafin a buga ko da ganga ɗaya, nemo kii, wato mazaunin murya, da ya dace da kai. Rera wurin da ya fi tsawo a amshi, sannan wurin da ya fi ƙasa a baiti. In na saman sai ka ɗaga haɓa ka matse maƙogwaro, sauko da kii. In na ƙasan ya koma gunaguni, ɗaga shi. Yi wannan gwaji da rana bayan muryarka ta buɗe, ba da sassafe ba. Dalilin yin sa tun yanzu shi ne, da zarar kiɗa ya kammala, ja da shi sama ko ƙasa da manhaja na ɓata sautinsa, sai ka tarar kana wahalar da murya don ta bi kiɗa.

Gudun waƙa ma haka. Kunna ma'aunin bugu, ka rera baitin da ya fi cunkoson kalmomi. In kana haɗiye haruffa don ka cim ma bugun, rage gudu. Rubuta kii da adadin bugu a minti (BPM) a littafinka. Za ka neme su nan gaba.

Mataki na 3: Kiɗa, naka ko na saye

In kai ke bugawa, fara da abu uku kawai: ganga, bes, da fiyano mai riƙe kari. Ɗora muryar gwaji a kai. In waƙar ba ta yi daɗi da waɗannan ukun ba, sarewa da goge da kalangu na cikin kwamfuta ba za su cece ta ba. Kuskuren masu koyo shi ne sa fiyano ko sarewa su riƙa bin karin murya sawu da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Kayan kiɗa su yi magana a inda murya ta yi shiru, su ja baya in ta shigo.

In sayen kiɗa za ka yi, buɗe ido. Kiɗan da aka rubuta "kyauta" a YouTube yawanci kyauta ne ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba. Masu sayarwa a intanet kan bayar da iri biyu: na haya, wanda za a iya sayar wa mutum da yawa kuma da iyakar yadda za ka yi amfani da shi, da na mallaka, wanda daga kanka an rufe. Karanta sharuɗɗan, ka adana rasit. In makaɗin unguwarku ne ya buga maka, ku rubuta a takarda: nawa aka biya, shin an saya ne gaba ɗaya ko yana da kaso, kuma zai iya ba wani ko a'a. Karɓi kiɗan a WAV, in da hali kowane kayan kiɗa daban, domin ka iya rage ganga ba tare da ka taɓa fiyano ba.

Akwai wata tsohuwar ɗabi'a da ya kamata a ajiye. Shekaru da dama waƙoƙin finafinanmu sun riƙa aron kari daga waƙoƙin Indiya, kuma a zamanin kaset da faifan CD ba mai bin sawu. Yanzu YouTube na da tsarin Content ID da ke gane sautin da aka yi wa rajista. Gutsuren kiɗan wani da ka yanko zai iya sa kuɗin waƙarka ya tafi aljihun mai shi, ko a toshe ta. Ko da ka sake buga karin da hannunka na'ura ba ta kama ba, karin mallakar wanda ya ƙirƙira ne, kuma yana da ikon kai ƙara.

Mataki na 4: Gyara ɗaki

Ɗaki ya fi makirufo tasiri a kan sautin da za ka samu. Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani ƙara siriri ya biyo bayan tafin, makirufo ma zai ji shi a kan kowace kalma, kuma babu manhajar da za ta cire shi ba tare da ta lalata murya ba. Bangon siminti da tayil su ke jawo haka. Maganinsa kaya masu laushi da kauri. Jingina katifa a bango a bayanka, domin makirufo inda kake yake kallo, kuma abin da ya dawo daga bangon bayanka kai tsaye yake shiga cikinsa. Rataya bargo a gefe biyu, shimfiɗa darduma ko kafet a ƙasa. Buɗaɗɗen wadirof cike da tufafi ma yana aiki. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tsare ƙarar waje, kuma abin da yake sha na sauti kaɗan ne.

Kashe fanka, ko da ana zafi. Ɗauki baiti ɗaya, ka kunna ta ka huta, ka sake kashewa. In kana jin wani gurnani siriri a hedfon, sau da yawa daga cajar laftof ne ko janareta. Zare cajar ka yi aiki da batir, ka ji ko ya ɗauke. San lokutan unguwarku: lokacin kiran salla, lokacin tashin 'yan makaranta, lokacin da mai injin markaɗe ke kunnawa. Da damina, in rufin kwano ne, ranar ruwa ba ranar ɗaukar murya ba ce. Da hunturu kuwa, mayar da kondensa cikin jakarsa bayan kowane aiki, domin ƙura na lalata shi.

Mataki na 5: Ɗora murya

Saita manhaja a kan 24-bit da 44.1 ko 48 kHz. Jona makirufo tukuna sannan ka kunna wutar volt 48, in za ka zare kuma kashe ta tukuna. Tsakanin bakinka da makirufo a samu kamar taƙi ɗaya, matatar iska a tsakiya. In ka matsa sosai murya za ta yi kauri ta toshe, in ka yi nisa ɗaki zai shigo.

Yanzu ƙarfin shiga. Rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka murɗa maɓallin sawun-kad har ma'auni ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6 dB. Kada ya taɓa ja. Masu koyo na ganin in layin sauti ya cika allo shi ne kyau. Ba haka ba ne. Muryar da ta yi ƙasa ana ɗaga ta daga baya ba abin da zai same ta, amma wadda ta fashe ta fashe ke nan.

In kana jin muryarka na makara a hedfon, rage bafa a saitin manhaja zuwa 128 ko 256, ko ka kunna maɓallin jin kai tsaye da ke jikin sawun-kad. Kada ka daure ka rera a haka, za ka riƙa faɗawa bayan kiɗa. Kada kuma ka ƙure ƙarar hedfon. Kiɗan zai tsiyaya cikin makirufo, kuma kunnenka shi ne jarinka.

Ɗauki murya a bushe. Kana iya jin rebab (amsa-kuwwar da manhaja ke ƙarawa) da otocun a hedfon don su ba ka ƙwarin gwiwa, amma kada su shiga cikin abin da ake ajiyewa. Kamar gishiri ne a miya: in ya yi kaɗan a ƙara, in ya yi yawa ba mai tsamo shi.

Rera waƙar gaba ɗaya sau uku ko huɗu, ka ajiye duka, kada ka goge ko ɗaya. Sannan ka bi baiti-baiti kana sake inda ya yi rauni. Abu mafi muhimmanci ga mai aiki shi kaɗai shi ne kada ka zaɓi ɗaukar da ta fi kyau a ranar da ka rera. A ranar, kunnenka na jin abin da ka yi niyyar rerawa ne, ba abin da ya fita ba. Kwana a kai. Washegari zauna da biro, ka saurara kamar muryar wani ce, kana rubuta wa kowane ɗango lambar ɗaukar da ta fi. Daga nan ka harhaɗa. In aka samu ɗauka biyu, ɗaya ta zauna daidai a kii amma ba rai, ɗayar ta ɗan goce amma ana jin mutum a ciki, ni ta biyun nake ɗauka. Gocewa kaɗan na gyaruwa, rashin rai ba ya gyaruwa.

Amshi ya kan so kauri. Sake rera shi sau biyu daban, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama, ƙasa da babbar murya. Kwafar ɗauka ɗaya a liƙa sau biyu ba ya kawo kauri, ƙara kawai yake ƙarawa. In waƙar na buƙatar muryar mace ko ta namiji a amshi, gayyato, ka biya, ka sa sunan mai muryar. 'Yan amshi mata da yawa sun ɗauki waƙoƙi a kafaɗarsu ba a taɓa jin sunansu ba, kuma bai kamata sabon mawaƙi ya gaji wannan hali ba.

Sha ruwa tun sa'o'i kafin ka fara, musamman da hunturu. In maƙogwaro ya fara kartawa, tsaya.

Mataki na 6: Tacewa

Fara da shara. Yanke shirun da ke tsakanin ɗangaye, rage numfashin da ya yi ƙarfi amma kada ka cire shi duka, domin waƙar da ba numfashi ba ta kama da ta ɗan Adam. Sannan daidaita ƙarar murya da kiɗa kafin ka ɗora komai. Rage sautin lasifika har ƙasa sosai. In har yanzu kana gane kalmomi, murya ta zauna.

Da ikwalaiza, yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a murya, domin ba komai a wurin sai gurnani da girgizar sanda. Kwamfuresa aikinsa matso da wurare masu ƙarfi kusa da marasa ƙarfi. Bar shi ya rage dB 3 zuwa 6 a inda ka ɗaga murya. In "s" da "sh" da "ts" na sukar kunne, sa manhajar da ke lausasa su, kaɗan.

Otocun kuma ba laifi ba ne, ya riga ya zama wani ɓangare na sautin waƙarmu ta zamani. Laifin biyu ne. Na farko, barin sa a kii da ba na waƙar ba, sai ya riƙa jan murya zuwa inda kiɗa ba ya nan. Ga amfanin abin da ka rubuta a mataki na 2. Na biyu, ƙure saurinsa daga farko har ƙarshe. Daɗin rera Hausa na cikin lanƙwasa da gangarowar murya daga sauti zuwa sauti, kuma otocun mai tsananin sauri na mayar da wannan gangara matakala. Sassauta shi a baiti, in kana son salon ka matsa a amshi. Rebab ma haka: in ya yi yawa, ƙ da k su zama ɗaya, ɗ da d su zama ɗaya. Ba wanda bai san kalmomin ba ya saurara sau ɗaya, ka ce ya maimaita maka baitin farko. Inda ya kasa, can aikinka yake.

Kada ka tace a hedfon kaɗai. Mafi yawan masu sauraronka a lasifikar waya za su ji ka, ko ƙaramar lasifikar Bluetooth a shagon aski, ko cikin adaidaita sahu. Tura waƙar waya ka ji. Lasifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, don haka in duk nauyin kiɗanka a can yake, za a ji shi fayau. Gwada ta kuma a haɗe, ba hagu ba dama, ka tabbata muryoyin amshi ba su ɓace ba. Ajiye waƙa ɗaya ta ƙwararre mai salo irin naka a gefe, ka riƙa kwatantawa a ƙara iri ɗaya. Bayan kowane rabin awa ko makamancin haka, tashi ka huta da kunne.

Mataki na 7: Mastarin (gyaran ƙarshe) da fitar da fayil

Kada ka shiga gasar ƙara. Spotify na daidaita waƙoƙi zuwa kusan -14 LUFS, YouTube ma na rage wadda ta yi ƙara da yawa, don haka in ka matse waƙa har ta shaƙe, za a rage ta ne kuma shaƙewar na nan. Sa limita ta tsaya a -1 dB. In kana da ɗan kuɗin da za ka kashe a wuri ɗaya tak, nan ne ya fi dacewa ka kai wa ƙwararre, ko don a samu wani kunne ya ji kafin duniya ta ji.

Fitar da WAV don turawa kasuwa, MP3 don rabawa. Ajiye aikin gaba ɗaya, da murya daban da kiɗa daban, a wuri biyu da ba kwamfutarka ba: filash ko ma'ajiyar waje, da Google Drive ko makamancinsa. Kiɗa zalla zai yi maka amfani ranar da aka gayyace ka biki.

Mataki na 8: Tabbatar da mallaka

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta: na ƙirƙira, wato kalmomi da kari, da na sautin da aka ɗauka. Kai da ka yi komai da kanka, duka biyun naka ne, kuma wannan ita ce babbar ribar wahalar da ka sha. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare aikinka tun daga lokacin da ka rubuta ko ka ɗauke shi. Kariyar ƙirƙira na kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Rajista ba dole ba ce, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na karɓar ta ta intanet, kuma hujja ce ranar gardama. Don karɓar kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro akwai ƙungiyoyin tattara haƙƙi: MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Gana.

Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wadda ba ta faɗi shekara nawa ba kuma kaso nawa. In mai shirya fim ya nemi waƙarka, bambanta ba shi izinin sa ta a fim da sayar masa da ita ɗungurungum. In a Kano kake aiki, ka san akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha, wadda hurumin aikinta ya haɗa da mawaƙa. Je ofishinsu ka ji ƙa'idar da ke aiki a lokacin kafin ka saki, musamman in da bidiyo.

Mataki na 9: Saki

Audiomack da YouTube kana iya ɗora musu da kanka kyauta, kuma nan ne jama'armu suka fi yawa. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, da Apple Music sai ta hannun dillali. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa, CD Baby kuma sau ɗaya ake biya a kan kowane aiki sannan su riƙa cire kaso. Kafin ka zaɓa, duba abu uku: shin suna kai wa Boomplay da TikTok, ta wace hanya za su biya ka a ƙasar da kake, kuma me zai sami waƙoƙinka in ka daina biyan kuɗin shekara. Dillalin zai ba waƙar lambar ISRC. Rubuta ta ka adana, domin in ka sauya dillali da ita waƙar za ta riƙe tarihinta.

Bincika sunan da kake son amfani da shi a duk manhajojin nan kafin ka tsayar da shi. In wani na da irinsa, waƙarka na iya faɗawa shafinsa. Rubuta shi iri ɗaya ko'ina, harafi da harafi. Hoton bango murabba'i ne, 3000 sau 3000, naka na kanka, ba lambar waya ba adireshin shafi, domin ana mayar da aiki saboda su. Zaɓi Hausa a gurbin harshe. A YouTube rubuta sunan waƙa da haruffa masu ƙugiya, sannan ka maimaita shi ba ƙugiya a cikin bayani, tunda yawancin masu nema haka suke rubutawa.

Tura wa dillali mako uku ko huɗu kafin ranar fita. Wannan tazara ke ba ka damar gyara kuskure, da kuma gabatar da waƙar ga editoci ta Spotify for Artists, wanda ke buƙatar aƙalla kwana 7 kafin saki. Juma'a ce ranar sakin waƙa a duniya tun 2015, amma kalandar masu sauraronka ta fi wannan muhimmanci. Waƙar soyayya da aka saki tsakiyar azumi za ta wuce ba a lura ba, wadda ta fito gab da Salla kuwa ta tarar da mutane a shirye.

A cikin waɗannan makonni kada ka tura cikakkiyar waƙar ga kowa ta WhatsApp, ko amininka ne. Daga waya ɗaya take kaiwa ga masu turin waƙoƙi a kasuwa, ranar sakin kuma ta zo ta tarar kowa na da ita. Abin da za ka fitar shi ne daƙiƙa 15 zuwa 30 na amshi. Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020 gajerun bidiyoyin da mutane suka riƙa yi da kansu ne suka kai ta ko'ina. Ba a tilasta irin wannan, amma ana share masa hanya: sautin ya kasance a TikTok da sunanka, kuma gutsuren da ka zaɓa ya fara daidai inda amshi ya kama.

Mataki na 10: Bayan saki

Kuɗin manhajoji na zuwa a makare, sau da yawa bayan wata biyu ko uku, kuma abin da ake biya ya danganta da ƙasar da mai sauraro yake. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba. YouTube kuma kafin ya fara raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyoyi sai tasha ta kai mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin shekara ko kallon gajerun bidiyoyi miliyan 10 cikin kwana 90. Cike bayanan haraji da YouTube da dillalinka suka nema, in ba haka ba za a riƙa yanke maka fiye da kima. A farkon tafiya, abin da waƙar za ta kawo ta gefe, wato gayyatar biki, waƙar amarya da ango, da talla, shi ya fi saurin zuwa. Don haka sa hanyar tuntuɓarka a bayanin kowane shafi.

Za a zo maka da tayin sayen sauraro ko mabiya. Kada ka karɓa. Manhajojin na gane sauraron bogi, hukuncinsa kuma ya haɗa da riƙe kuɗi da sauke waƙa, wani lokaci har da rufe asusu. Ban da haka, yana ɓata maka alƙaluman da kake buƙata don sanin su wa ke jin ka da gaske.

Bayan wata guda buɗe YouTube Studio da shafinka na Audiomack ka duba abu biyu. Na farko garuruwa: in ka ga Damagaram ko Kumasi ko Garwa sun fi garinku sauraro, can ya kamata ka nemi masu gabatar da shirin waƙa a rediyo da masu shirya wasa. Na biyu, zanen da ke nuna inda mutane ke barin bidiyo. Nemo daƙiƙar da layin ya faɗi, koma cikin manhajarka ka ji abin da ke faruwa a daidai wurin, ko dogon kiɗa ne ba murya, ko baiti na biyu ne ya ja, ka rubuta shi a shafin da za ka fara waƙa ta gaba.